Kafin ka sayi sola, nemi biro da takarda

Shekara goma sha bakwai ina koyar da lissafi da fiziks a makarantar sakandare a nan Katsina, amma ranar da na tashi sayen sola ko biro ban ɗauka ba. Har yau uwargida tana tsokanata da wannan. A watan Yunin 2023 ne, 'yan makonni bayan an cire tallafin mai, litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 a farashin gwamnati zuwa sama da 500, ƙaramin janaretanmu ya fi ƙarfin albashina. Na shiga wani shago a kasuwa na ce ina son solar da za ta ɗauki gidana. Mai shago bai tambaye ni abin da ke cikin gidan ba, ni ma ban faɗa masa ba. Ya ce, "Malam, batir ɗaya mai 200, fanel biyu masu 150, inbata ɗaya, ka huta." Na biya, aka zo aka haɗa.

Hutun bai zo ba. Ranar da aka kawo wuta da rana ta cika batirin, mukan kai ƙarfe biyu ko uku na dare kafin inbata ta fara kuka. Ranar da ba a kawo ba, sha biyu ma ba ma kaiwa. Da sanyi ya shigo muka daina kunna fanka, sai na zaci abin ya gyaru. Zafin Maris na dawowa batirin ya nuna ainihin halinsa, ana idar da sallar isha'i da kaɗan sai ɗif. Wani dare muna zaune a tsakar gida ana fifita, uwargida ta ce, "Malam, kai da kake koya wa 'ya'yan mutane lissafi, lissafa mana wannan kukan mana." Washegari na yago takarda daga tsohon littafin darasi na zauna. Abin da na rubuta a takardar nan shi zan bi da kai, ka sa naka alƙaluman a wurin nawa.

Da farko sai ka raba abu biyu da kusan kowa ke cakuɗawa, wato wat da wat-awa. Ka ɗauki batir a matsayin randa, fanel shi ne mai ga-ruwa da ke zuba mata da rana, kayan wutar gidanka kuma su ne masu ɗiba. Wat yana gaya maka girman moɗar da kowane abu ke ɗiba da ita. Wat-awa yana gaya maka yawan ruwan da ya ɗiba gaba ɗaya. Mai ƙaramar moɗa da ya kwana yana ɗiba zai iya ƙarar da randa fiye da mai bokiti da ya ɗiba sau ɗaya ya tafi. Wat sau awoyi shi ne wat-awa, kuma wat-awa 1,000 shi ne yunit ɗayan nan da mitar kati take cire maka.

Sai ka zagaya gidan, ɗaki ɗaki. Kowane abu na wuta yana da rubutu a bayansa ko a ƙarƙashinsa, lamba da harafin W a gefenta. In ba ka ga W ba sai V da A, ka ninka su biyun, domin bolt sau amfiya shi ne wat. Wannan 'yar ƙa'idar ce nake rubuta wa ɗalibai a allo kowace shekara. Kada ka bari wani ya yi maka wannan zagayen, kuma kada ka yi wa kanka ƙarya wajen awoyi. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai ka san fankar ɗakin yara ba a kashe ta sai an tashi sallar asuba, mai shago bai sani ba. Ka kuma ɗauka ba za a kawo wuta ba sam. In an kawo, riba ce.

Ga abin da na samu na dare, daga magariba zuwa hantsi. Ƙwan fitila shida masu wat 10, awa shida, wat-awa 360. Talabijin da dikodarsa wat 65, awa huɗu, 260. Cajin wayoyi huɗu na ba su 100. Fankar sama biyu, kowace wat 75, awa goma, 1,500. Jimla 2,220.

Na daɗe ina kallon lambar fankar nan. Duk tsawon watannin talabijin nake zargi, har na riƙa korar yara daga kallo da ƙarfe tara. Ashe kashi biyu cikin uku na wutar daren gaba ɗaya fankoki ne ke sha, suna juyawa shiru a saman kanmu. Na ba yaran haƙuri, ko da yake ban dawo musu da kallon bayan tara ba.

Inbata ma tana cin nata kason. Aikinta ta juya wutar batir zuwa irin wutar da kayan gida ke so, kuma a wajen juyawar wani abu yana tafiya a zafi, shi ya sa take ɗumi kuma take da 'yar fanka a ciki. Ni nakan ɗauka kashi 85 cikin ɗari ne ke isa ga kaya. Saboda haka ka raba jimlarka da 0.85. Nawa ya tashi daga 2,220 zuwa kusan 2,600. Wannan shi ne abin da randa za ta bayar kowane dare.

Yanzu mu leƙa randar. A jikin batirina an rubuta 12V da 200Ah, wato bolt 12 da amfiya-awa 200. Ka ninka su, wat-awa 2,400. Kallon farko sai ka ce saura ƙiris ya isa, kuma nan ne mafi yawanmu muke faɗawa. Batirin dalma, mai ruwa ne ko busasshe, ba a shanye shi ƙaf. Ƙa'idar da masu ƙera shi suke bayarwa ita ce ka tsaya a wajen rabi in kana son ya yi shekaru. Duk sanda aka zuƙe shi har ƙasa, aka kuma bar shi bai cika ba, wani farin gishiri yana daskarewa a jikin farantan dalmar da ke ciki, wurin ajiyar wuta yana raguwa, kuma in ya daskare sosai ba ya komawa. Ashe abin da nake da shi 1,200 ne, ina neman 2,600 daga gare shi kowane dare. Ba mugun batir aka sayar mini ba, ni na kashe shi da hannuna.

Akwai wani abu da ya kamata a ce an faɗa mini tun ranar farko. Kukan inbata ba gargaɗin rabi ba ne. Yawancin inbatoci sai batir mai bolt 12 ya sauka wajen 10.5 suke yanke wuta, a lokacin ba abin da ya rage a ciki. In kana kwanciya kullum sai kukan ya tashe ka, to kullum kana rage wa batirin kwana. Ka sayi 'yar mitar gwajin nan da masu gyaran wuta ke yawo da ita, ba ta da tsada. Da asuba ka kashe komai, ka bar batirin ya huta kamar awa ɗaya kafin rana ta fito sosai, sannan ka ɗora masa mitar. Wajen 12.7 cikakke ne. Wajen 12.2 ya zo rabi. In kana ganin ƙasa da 12 kowace safiya, kana cin fiye da abin da ya dace. Mai batir biyu a jere sai ya ninka waɗannan lambobi biyu, 25.4 da 24.4.

To ni da nake buƙatar 2,600, in na raba da 1,200 sai ya ba ni batir biyu da ɗan ɗori. Biyu ba su isa ba, uku ba sa haɗuwa a tsarin bolt 24 da ake jera su bibbiyu, huɗu kuma ba ni da kuɗinsu. A nan ne takardar ta biya ni wahalata. Na koma kan layin fanka na tambayi kaina, me zai hana a rage moɗar maimakon a ƙara randa? Akwai fankokin da ke cin wat 30 ko ƙasa da haka, irin waɗanda ake kira fankar sola ko ta caji. Biyu, awa goma, 600 maimakon 1,500. Jimlar dare ta sauko 1,320, da kason inbata 1,550. Batir biyu suna ba da 2,400 ba tare da an takura musu ba, har da rara ta ranar hadari. Kuɗin fanka biyu bai kai kuɗin batir ɗaya ba, ga shi sun cece ni daga sayen biyu. Duk wanda ya zo mini da takardarsa yanzu, layin da ya fi kowane girma nake fara nema, in tambaye shi ko akwai yadda za a rage shi.

Batirin litiyam lissafinsa daban ne. Ana iya cin kashi 80 zuwa 90 cikin ɗari nasa, kuma yana jure cika da zuƙewa sau dubbai, inda na dalma yake ƙirga ɗaruruwa zuwa dubu da wani abu. Wanda aka rubuta wa 25.6V da 100Ah yana riƙe 2,560, ka ci sama da 2,000 lafiya lau. Saboda haka in za ka kwatanta farashi, kada ka kwatanta lambar Ah. Ka raba kuɗin kowanne da wat-awan da za ka iya ci a cikinsa, sannan ka duba shekarun da zai yi. Ni na dalma na sake saye, saboda abin da aljihu ya iya a lokacin ke nan.

Saura mai ga-ruwa. Fanel sai ya mayar da abin da aka sha da dare, ya kuma ɗauki kayan rana. Batirin dalma ba ya mayar maka da duk abin da ka zuba masa, kusan kashi 80 yake bayarwa, don haka 1,550 na dare yana buƙatar a zuba wajen 1,940. Da rana kuma akwai firizar uwargida ta zoɓo da ƙanƙara, wat 120. Mun yi yarjejeniya za ta riƙa aiki daga tara na safe zuwa biyar na yamma kawai, awa takwas, 960. Da dare a rufe take, ƙanƙarar da ta yi da rana ita ke riƙe sanyin, muddin yara ba su yi ta buɗewa ba. Da fanka ɗaya ta rana, 180, da kason inbata, kayan rana sun tashi 1,340. Gaba ɗaya kusan 3,300 a yini.

Nawa fanel ɗaya ke kawowa? Mutane sukan ce ai rana awa goma sha biyu take yi. Haka ne, amma ranar hantsi da ta la'asar ba su da ƙarfin ta tsaka. In aka tattara hasken yini duka aka mayar da shi cikakkiyar ranar tsaka, a ƙasar Hausa yakan kama awa biyar da rabi zuwa shida a matsakaici. Ni biyar nake sawa, saboda hadarin Agusta da hazon hunturu. Sannan lambar da ke jikin fanel an gwada ta ne yana da ɗumin digiri 25. A kan kwanon rufinmu a watan Afrilu yakan haura 60, kuma kowane digiri ɗaya da ya ƙaru yana rage masa kusan kashi 0.4 cikin ɗari. Abin mamaki ne ga mutane da yawa, fanel haske yake so, zafi cutarsa yake yi. In ka haɗa da ƙura da asarar waya, ka ninka da 0.75. Fanel mai wat 300, sau 5, sau 0.75, ya ba da 1,125 a yini. Raba 3,300 da wannan, kusan uku. Na sayi huɗu.

Da na yi wa tsoffin fanel ɗina wannan lissafi sai na yi dariyar da ta fi kuka ciwo. Biyu masu 150, wato 300 ke nan, 1,125 a yini, ga gida mai shan 2,600 a dare. Batirin nan bai taɓa cika da rana kaɗai ba ko sau ɗaya.

Wajen kafawa, fanel kudu yake kallo, domin muna arewa da tsakiyar duniya. In ka fuskanci gabas kamar za ka yi salla, hannun damanka shi ne kudu. Karkatarsa kuma ta yi kusa da digirin garinku. Zariya tana wajen 11, Kano 12, Katsina da Sakkwato 13, Maraɗi 13 da rabi, don haka tsakanin 10 da 15 ya wadatar, kuma wannan 'yar gangarar tana taimaka wa ruwan sama ya wanke shi. A bar tazara tsakaninsa da kwano iska ta riƙa ratsawa. Ka hau da kanka, ko ka tura yaro, da tara na safe da tsakar rana da uku na yamma a duba inuwa. Ƙwayoyin da ke cikin fanel a jere suke kamar carbi, inuwar reshen darbejiya ko ta tankin ruwa a kusurwa ɗaya tana iya ja da ƙarfinsa ƙasa fiye da girman inuwar nesa ba kusa ba.

Inbata lissafinta gajere ne, domin ita wat take kallo, ba ruwanta da awoyi. Ka tara wat na duk abin da zai iya kasancewa a kunne lokaci guda. Sai dai firiza da firiji da injin jan ruwa suna fizgar ninki uku zuwa biyar, wani lokaci fiye, a daƙiƙar da suka tashi. Na ba firizarmu 600, sauran kaya ba su kai 200 ba. Kuma kVA da ake rubutawa a jikin inbata don nuna ƙarfinta ba daidai yake da kilowat, wato wat 1,000, ba, a yawancin ƙananan inbatoci 1kVA wajen wat 800 ne. Mai 1.5kVA ta ishe ni.

Waya ce wurin da ba na son a yi wasa, domin nan gobara take. Abin da ke cin wat 1,000 daga soket ɗin bango mai bolt 230 amfiya huɗu da ɗan ɗori yake ja. Shi ɗin dai, a ɓangaren batir mai bolt 12, amfiya 83 ne. A bolt 24 kuma 42. Zafin da waya ke yi yana bin amfiya sau amfiya, don haka in ka raba amfiya biyu, zafin ya ragu zuwa kashi ɗaya cikin huɗu. Dalilin da ya sa manyan tsare-tsare suke amfani da 24 ko 48 ke nan. Wayar da ke tsakanin batir da inbata ta zama mai kauri, gajera, ta jan ƙarfe ta gaske, kuma a sa mata fiyus ko bireka. In ka taɓa ta da dare ka ji ɗumi sosai, ta yi siriri. Mai haɗa mini na biyu ya so ya yi amfani da ragowar wayar da ta rage masa daga wani aiki, na ce a'a. Ya ce, "Malam, haka muke yi wa kowa." Na ce na yarda, amma ga lissafin, ya duba. Bai duba ba, amma ya je ya sayo mai kaurin.

Batir mai ruwa yana fitar da iskar haidirojin in yana caji, kuma tana kamawa da wuta. Kada a ajiye shi a ɗakin kwana ko kusa da murhu, a nema masa wuri mai iska da inuwa. Zafi yana cin ransa, kowane ƙarin digiri takwas zuwa goma sama da 25 yana rage masa kusan rabin kwanansa. In ruwansa ya ja, tataccen ruwan batir ake ƙara masa, ba na rijiya ko na leda ba, kuma ba a ƙara asid.

Abu na ƙarshe da takardar ta koya mini shi ne yadda ake gano laifi. In wuta ta fara gazawa, kowa da abin da zai ce, wani batir, wani fanel, wani ya ce inbatar jabu ce. Kada ka sauya abu biyu lokaci guda, in ka yi haka ba za ka san wanne ya gyara ba. Ga misali. A watan Janairu na so in san ko ƙura tana da tasirin da ake faɗa. Gwajina na farko shirme ne. Na duba allon kwantirola, na'urar da ke tsakanin fanel da batir tana daidaita caji, da tsakar rana, na watsa wa fanel ruwa, na sake dubawa, lamba ta yi sama, na yi murna. Ina saukowa daga tsani na tuna ruwan ba ƙura kaɗai ya ɗauke ba, ya sanyaya fanel ɗin, kuma sanyi ma yana ƙara masa ƙarfi. Abu biyu na sauya ke nan. Ga shi zuba ruwan sanyi a kan gilashi mai zafi ganganci ne.

Sai na bari ƙura ta sake taruwa na yi shi yadda ya kamata. Na duba da sha ɗaya na safe, firiza tana aiki, batir bai cika ba. Wannan sharaɗin yana da muhimmanci, domin in batir ya cika kwantirola takan rage abin da take karɓa, sai ka ga ƙaramar lamba ka zargi fanel a banza. Na rubuta wat 690. Washegari bayan sallar asuba na wanke su da ruwa da tsumma mai laushi, na sake dubawa da sha ɗaya, 850. Da yake hazon yau ba lallai ya zama na jiya ba, na maimaita sau uku a cikin watan, kuma duk ukun wankin ya ƙara abin a zo a gani. Tun daga nan duk Asabar ta hunturu babban ɗana yana hawa da bokiti. Da damina ba ma wahalar da shi.

Takardar nan tana manne a bango kusa da inbata, da salatif, ta yi ja saboda ƙura. A ƙasanta na ƙara layi ɗaya da jan biro bayan ƙanen uwargida ya kwana biyu a wurinmu ya jona dutsen guga da daddare. Dutsen wat 1,000 ne, rabin awa ya sha 500, kusan abin da ƙwayayen fitilar gidan shida za su sha a awa takwas. Bai yarda ba sai da na kai shi gaban takardar ya bi da yatsa. Ya ce, "Yaya, to yaushe zan yi gugar?" Na ce da sha biyun rana, a kashe firiza tukuna, in ya gama a kunna.